Irin da Yaya Ya Kawo Daga Yamai

Yaya ya rasu shekara biyar bayan karyewar dala, kuɗinmu na sefa, shekara huɗu bayan sanƙarau ɗin da ya cika mana maƙabarta da yara, a kakar shekarar da aka harbe shugaban ƙasa a filin jirgi. Wanda ya fi riƙe lissafi da ruwa kuwa, to damina ɗaya ce tsakanin rasuwarsa da daminar nan da tabkin Madarumfa ya cika ya haye lambuna, har aka kama tarwaɗa a gonar rogo. Ranar Talata ce da hantsi, gari ya watse gonaki ana ɗaurin gero.

Ni ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba. Ɗiyar ƙanwata, wadda ke koya wa mata karatu a Gabi, ita ke riƙe da alƙalami. Na ce mata ta sa magana yadda ta fito daga bakina, kar ta yi mini kwalliya.

An taru, ba zan ce ba a taru ba. An zo daga garin Sarkin Yamma, an zo daga Gabi, masunta sun bar komarsu a bakin ruwa. Amma ni da nake zaune cikin mata ina da kunne. Kowace ta shigo sai ta ce, "Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai haƙuri," sa'an nan ta sassauta murya ta ce da ta kusa da ita, "Sai dai abin nan na proje." Na ji "sai dai" ɗin nan ya fi sau goma kafin azahar. A ƙofar gida kuma wani dattijo, da aka shafa fatiha, ya ƙara da nasa: "Allah ya yafe masa abin da ya ɗauka."

Akwai abokin Yaya tun na lakwal, Kirista ne, a Maraɗi yake buga littattafan majami'arsu. Ya zo a kan babur, ya tsaya bayan sahu hularsa a hannu har aka gama salla. Da ya ji addu'ar dattijon nan sai ya ɗaga murya, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"Bai ɗauki kome ba! Ina can aka ba shi. Da idona na gani."

Aka ce masa, "Haƙuri, Malam, ba wurinta ba ne." Ya sa hularsa, ya koma gindin itacen bedi ya zauna yana kuka kamar wanda aka yi wa duka.

Matar Yaya na zaune, kanta a cikin gwiwa. Babban ɗansa ya iso daga Nijeriya washegari, bai sami gawa ba. Ya gaishe da kowa, ya zo ya durƙusa gabana.

"Gwaggo, ke ba ki ɓoye magana. Baba ya yi satar nan?"

Na ce, "Ubanka bai taɓa satar ko allura ba."

"To mi ya sa ya kasa kawo takardar da aka ce ya kawo?"

Ni da aka sani da baki a garin nan, ni da nake wa amare guɗa ina jero kakannin ango bakwai ba tare da na yi tuntuɓe ba, sai na ce masa ya je ya ci abinci, ya sha hanya.

Bari in faɗi wane ne mutumin tukuna.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya ba ni shekara uku. Zamanin Nasara aka zo neman yaran lakwal, kowane gida ana ɓoye 'ya'ya a rumbu, shi kuwa ya fito da kansa don ya ga doki. Haka aka tafi da shi. Ya dawo da sana'ar buga keken rubutu, ya yi ta a buron gwamnati, wato ofis, har gemunsa ya yi fari. Yatsunsa ba su taɓa hutawa ba. Ko yana zaune a tabarma ana hira za ka ga suna ta rawa a kan gwiwarsa, yana buga abin da ake faɗa. In na yi masa tsiya na ce, "Yaya, ka rubuta ni da kyau," sai ya ce, "Ke takarda ba ta ɗaukarki, Sarkin Baki." Sunan da yake kirana da shi ke nan tun muna yara.

Ba ya taɓa keken nan sai ya wanke hannu kamar mai shirin cin tuwo. Ba ya cin goro, amma ba a rasa goro a aljihunsa. In ya yi fushi ba ya faɗa, sai ya tashi ya kama sharar ƙofar gida ko da an share.

Shekarar babbar yunwa, wadda ta koro masu raƙuma daga arewa suka zo suna sayar da tabarminsu, mutane sun cinye irinsu. Da ruwa ya sauka ba abin shukawa. Yaya yana da dami shida na iri da ya rataye, ya hana iyalinsa taɓawa suna cin ganye. Ya sauko da su, ya zauna a ƙofar gida da ƙoƙo, duk wanda ya zo ya auna masa. Matarsa ta yi kuka. Ni ma na je na zage shi, na ce ya haukace. Ya ce, "Irin da ke rumbuna gara na iya cinye shi. Wanda ke gonar maƙwabci, baɗi in na nema zan samu." Tun daga ranar nan unguwa ta danƙa masa makullin rumbun iri na jama'a. Shekara goma sha huɗu makullin nan yana rataye a wuyansa da igiyar fata, ƙarƙashin riga.

Mun yi faɗa da shi, ba sau ɗaya ba. Wanda ya fi tsawo a kan tatsuniyoyina ne. Bayan ya ajiye aikin gwamnati, wani proje na taimakon manoma ya ɗauke shi bugun takardu, a can ya haɗu da ordinatar, akwatin nan mai fuskar talabijin. Samarin buro suka yi ta dariya wai tsoho zai koyi rawar zamani. Cikin wata shida su ke zuwa tambayarsa. Sai ya zo mini wai in zauna in faɗi tatsuniyoyin kakarmu ya zuba su a ciki don kar su ɓata. Na ce, "Ni ce akwatinsu. Ran da na mutu ka nemi wani." Ya ce ina da girman kai. Na ce gado na yi, shi ma ya duba nasa. Wata biyu ba mu gaisa da kyau ba, sai da ya aiko mini da kifi.

To, a bazarar da ta gabaci daminar cikar tabki aka yi wani babban taro na masu ordinatar a Yamai. Shugaban proje na lokacin, mutumin kirki, ya ce Yaya ya tafi. Suka tafi tare da abokinsa na Maraɗi. Da ya dawo sai da ya yi mako yana ba da labari, ni kuma abin da na ji sau ɗaya ba ya fita kaina.

Ya ce zaure ne wanda ya fi kasuwar Madarumfa faɗi, an yanka shi rumfa-rumfa. Manyan kamfanoni sun kama tsakiya, sun shimfiɗa darduma, 'yan mata sanye da kaya iri ɗaya suna raba alewa. Ya bayyana mini cewa ordinatar akwatin banza ne in ba a zuba masa hankali ba, hankalin nan kuwa su ke sayar da shi. Kuma ko ka saya ba naka ba ne. Ba ka buɗe shi ka ga cikinsa, ba ka gyara shi, ba ka ɗiba ka ba maƙwabci. Na ce, "Wannan ai aro ne da kuɗi." Ya ce, "Kin gane ke nan."

Can ƙurya, in ji shi, kusa da inda ake shan ruwa, akwai wani tebur ko mayafi babu. Mutum huɗu ke zaune: wani dogo daga Senegal, wata mata daga Burkina, wani ɗalibi na nan ƙasar, da wani Bature mai gemu da takalmin danƙo kamar na makiyaya. Sun manna hoton wani tsuntsu mai ƙiba, baƙin baya farin ciki, ya zauna a kan gindinsa kamar ya ƙoshi da kifi. Su ma hankalin ordinatar ne a wurinsu, sunansa Linuks, amma kyauta suke ba da shi. Mutane da yawa a ƙasashe da yawa suka haɗu suka gina shi, kamar gayya, kowa ya sa hannu, cikinsa a buɗe kowa na gani. Doka ɗaya gare su: ka ɗauka, ka gyara, ka ba wani, amma kar ka kulle shi.

Ya ce masu kwat suna wuce teburin nan ba su ko waiwaya. Wani ma ya tsaya ya ce, "Abin kyauta ai ba ya aiki." Matar Burkina ta ce masa, "Nonon uwarka nawa ka saya?" Yaya ya ce a nan ya jawo kujera ya zauna, bai ƙara tashi ba har kwana uku. Suka buɗe wani tsohon ordinatar a gabansa suka koya masa yadda ake zuba abin.

Gefensu akwai wani teburin, 'yan uwansu ne, su ma kyauta, amma hotonsu wani jan aljani ne mai ƙaho da mashi mai baki uku. Suka miƙo musu riga mai hoton. Yaya ya ce shi Musulmi ne, abokinsa ya ce shi Kirista ne, suka ce yau dai addininsu ya zo ɗaya. Ya ce har Baturen sai da ya yi dariya ya riƙe ciki.

Abin da ya kawo gida faifai biyu ne, kowane kamar tafin hannu a buɗe, da rami a tsaka, suna walƙiya kamar madubi, in ka juya su bakan gizo ya fito. Da kuma takarda mai shafi huɗu, da hatimin taron da sa hannun mutanen teburin, wadda ta ce an yarda kowa ya kwafa ya raba. Ya sa su a wata jakar ƙyalle. Ya ɗaga mini ita ya ce, "Sarkin Baki, iri na kawo."

Ya kuwa shuka. Akwai wani ordinatar da proje ya jefar a ɗakin tarkace, ya zuba masa abin ya tashi. Ya je Maraɗi ya zuba wa abokinsa. Wani mushe, malamin kwalejin can, ya ji labari, shi ma ya zuba masa. Ranar hutunsa yake zuwa, da kuɗin motarsa. Na ce, "Mi suke ba ka?" Ya ce, "Sannu."

Sai damina ta zo da ƙarfinta. Rufin ɗakin Yaya ya fara zuba, ya kawo mini jakar ya ce in ajiye masa, tun da ɗakina kwano ne. Na sa ta cikin babbar kwallata na rufe.

Ina da gamana, 'yar gonar da ke tawa ni kaɗai, a hanyar tabki. Shekarar nan gero ya yi kyau irin wanda ban gani ba tun ina amarya, zangarniya kamar damtsen namiji. Da ya fara ido sai jan-baki ya sauko. Wanda bai ga tsuntsun nan ba ba zai gane ba. Girgije ne, in ya sauka a gona ya tashi sai kara. Na yi ihu har murya ta dushe, na buga gwangwani, na kafa mutum-mutumi suka zauna a kansa. Ina ganin maƙwabciyata ta ja zaren kaset a gonarta yana ƙyalli, tsuntsu na kauce mata yana faɗo mini. Rana ta uku na dawo gida, na buɗe kwalla zan ɗauki wani abu, sai ga jaka.

Ba zan ce shaiɗan ba ne, don ni ce. Na ce a raina, ai ya riga ya zuba abin a akwatuna har uku, wanda ya shuka iri mi zai yi da buhun? Ramin ma ga shi an huda, kamar don igiya aka yi shi. Na ɗaure su a dogayen sanduna biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Takardar kuwa fara ce tas, na yayyage ta tsaye-tsaye na ƙulla a igiya tana kaɗawa. Na ce kwana goma ne, in gero ya yi ƙwari in mayar masa da faifansa. Takarda kuma mutumin da ya yi shekara arba'in yana buga takardu ba zai rasa wata ba.

Abin ya yi aiki, wannan ne abin haushin. In iska ta juya su sai haske ya tsaga gonar kamar walƙiya. Tsuntsu ya bar ni. Har na yi wa maƙwabciyata gori.

Cikin kwanakin nan aka sauya shugaban proje. Sabon yaro ne daga birni, mai takalmi mai tsini. Wani ya kai masa cewa tsohon nan yana kwasar abin cikin ordinatar ɗin proje yana kai wa Kiristoci a Maraɗi. Shi kuwa irin na saye kawai ya sani, wanda kwafarsa laifi ne. Ya kira Yaya a gaban ma'aikata ya ce masa ɓarawo. Yaya ya ce kyauta ne, izinin ma yana rubuce a cikin akwatin, a kunna a gani. Yaron ya ce, "Abin da ka buga da hannunka za ka nuna mini? Ranar Litinin komite zai zauna. Ka kawo faifan asali da takarda mai hatimi."

Ranar Asabar da la'asar Yaya ya yi sallama a gidana. Ina tankaɗe. Ya zauna a kan turmi, ya ba ni labari duka, yatsunsa na rawa a gwiwa. Ya ce, "Ɗauko mini jakata."

Na shiga ɗaki na tsaya. Allah ya sani na tsaya. Na tuna yadda zan fito in ce, ni, ni da nake cewa kaina ya fi takardunsa, na rataya wa tsuntsu amanarsa. Na tuna yadda matan unguwa za su sa ni a waƙar daka. Na ɗauko jakar na miƙa masa.

Ya buɗe, ya juye ta. Babu kome.

Na ce, "Yadda ka kawo ta haka na ajiye. Ban buɗe ba. Ka tuna dai, ko ka baro su a Maraɗi."

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Kin tabbata, Sarkin Baki?"

Na ce, "Yau kuma ni za ka tuhuma?"

Ya ninke jakar ya sa a aljihu. Ya ga tsintsiyata a jingine, ya ɗauka ya share mini ƙofar ɗaki, ya tafi.

Yana fita na yi gona da gudu. Na ce in kwanto su in jefa ta katangarsa, a ce tsintuwa aka yi. Na tarar rana da ruwa sun gama da su. Azurfar ta ɓare kamar fatar albasa, ɗaya ya tsage, takardar ta zama dusa a jikin igiya. Na kwance su na ɗaura da dutse na jefa a tabki.

Ranar Litinin ya je hannu wofi. Abokinsa ya zo daga Maraɗi ya ba da shaida, aka ce wanda aka kai wa kayan sata ba ya zama shaida. Ba a kai shi jandarma ba, an ce don furfurarsa. Aka sallame shi. Kafin Juma'a gari ya ɗauka. Waɗanda ba su taɓa ganin ordinatar ba su ne suka fi sanin abin da ya sata, wani ya ce waya ce ta zinariya, wani ya ce kuɗin Nasara ne a ciki. Bayan mako biyu dattawan unguwa uku suka zo masa da safe, suka yi ta kewaye-kewaye, wai sun ga ya tsufa, wai a rage masa nauyi. Ya gane. Ya sa hannu cikin riga ya ciro makullin rumbun iri ya ajiye a kan tabarma. Matarsa ta ce mini igiyar ta bar masa farin zane a wuya, wurin da rana ba ta taɓa gani ba.

Abokinsa ya rubuta wasiƙa Yamai. Bayan wata uku ɗalibin nan na teburin ya aiko da sabon faifai da sabuwar takarda. Yaya ya sa babbar riga ya kai buro. Yaron ya karanta, ya ce to, ya gani, amma an riga an ɗauki wani, magana ta wuce. Ba wanda ya bi gida-gida ya ce an yi kuskure. Kalmar ɓarawo da ƙafarta ta zaga gari, takardar kuwa tana aljihun Yaya, wa zai karanta? Makulli bai dawo ba. Na yi ta cewa a raina, ga shi takarda ta zo ba ta yi amfani ba, ashe ko na faɗa ɗaya ne. Ƙarya nake yi wa kaina. Ranar Litinin ɗin nan ce ranar da ya kamata in faɗa, ba wata ba.

Ya rage fita. Ya daina zama a dandali. Na riƙa kai masa kunu kullum, har mata na yabona, wai ba a ga ƙanwa irina ba. Geron da nake dama kunun da shi na gamanar nan ne.

Da ciwon ya kwantar da shi a kakar bana, kwana biyu kafin rasuwarsa, na shiga da kunu da hantsi. Matarsa ta tafi rijiya. Na tallafe shi ya zauna. Ya kurɓa sau biyu ya ce, "Bara tsuntsu bai taɓa ki ba."

Na ce, "Allah ya tsare."

Ya ce, "Ranar Asabar ɗin nan ta hanyar tabki na biyo kafin in zo gidanki. Tun daga nesa suke kashe mini ido."

Ƙoƙon ya yi mini nauyi a hannu.

Ya ce, "Na tsaya na duba, na ga sun riga sun lalace. Ba su nake nema ba da na zo. Da kin ce ke ce, da mun tafi tare ranar Litinin da ɓawonsu a hannu, ki faɗa musu da bakin nan naki. Wa zai ƙi yarda da ke a garin nan? Da dariya za a yi, a tashi."

"To mi ya hana ka faɗa da kanka?"

"In tsaya gaban yaro in ce ƙanwata maƙaryaciya ce?"

Ya zuba mini ido yana jira. Na san abin da yake jira, kalma biyu ce. Sai na ji motsin tulu a tsakar gida, matarsa ta dawo. Na ce, "Yaya, sha kununka kar ya huce."

Ya sha. Ban ƙara samunsa shi kaɗai ba.

Ranar sadakar bakwai, da sassafe, na shiga ɗakin takaba na faɗa wa matarsa duka, ban rage ba. Ba ta sani ba, bai taɓa gaya mata ba. Ta ɗago kai ta dube ni kamar baƙuwa.

"Gwaggon yara, shekara guda kina shigowa ɗakin nan kina ce mini in yi haƙuri da bakin mutane."

Na ce, "Haka ne."

"Ba ni aka cire wa makulli ba. Je ki faɗa a inda aka cire shi."

Na ja mayafi na fita ƙofar gida. Maza sun cika tabarmi, liman na tsakiya, ana shirin raba waina. Mace ba ta tsayawa a nan, amma na tsaya. Na faɗa da muryar da nake guɗa da ita, tun daga teburin Yamai har dutsen da na ɗaura. Da na zo wurin sanduna biyu da jan-baki sai wani ya fashe da dariya, wasu suka kama. Wani ya ce, "Kai, tsohuwa! To ya kori tsuntsun kuwa?" Liman ya tsawatar, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka shafa, aka ci waina. Dattijon da makullin ke wuyansa yanzu bai yi dariya ba, ƙasa yake kallo. Babban ɗan Yaya ya tashi ya bar wurin.

Kafin magariba labarin ya zaga gari, amma labarin tsohuwar da ta kori tsuntsu da kayan Nasara ne. Da shi ake hira a bakin rijiya. Ban ji wanda ya ce, ashe mun zalunci mutumin nan ba. Shi ya sa na kira ɗiyar ƙanwata na ce ta kawo alƙalami, ni da na ce ba a sa bakina a akwati. A rubuta: bai yi sata ba. Kyauta aka ba shi, kyauta ya bayar, kamar yadda ya yi da dami shida. Ni na ci amanarsa, ya rufa mini asiri da sunansa. Allah ya ji ƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi abin da Madarumfa ta hana shi.

Cikin waɗanda suka ga wannan abu, tsohon shugaban proje ya riga Yaya tafiya. Dattawa uku da suka zo karɓar makulli, biyu na nan da ransu, suna sahun gaba kowace Juma'a. Yaron mai takalmi mai tsini an ce an ƙara masa girma, yana Yamai. Abokin Yaya yana Maraɗi, ya ce akwatin da Yaya ya zuba wa hankali har yau da shi yake aiki, ya kuma zuba wa wasu mutum biyu. Shi kaɗai ya zo ya gaishe ni bayan abin da na faɗa, bai zauna ba. Babban ɗan ya koma Nijeriya bai yi mini sallama ba.

Sai matar Yaya, tana cikin takaba, sai ni. Ba ta yi mini magana ba tun ranar bakwai. Kullum da azahar nakan kai tuwo in ajiye a ƙofar ɗakinta, in koma da la'asar in ɗauke shi yadda na kawo. Jiya na tarar da kwanon wofi, an wanke an kife. Ban sani ba ko ita ta ci, ko awaki aka zuba wa. Ban tambaya ba. Yau ma na ɗora tukunya.